Ashe ƙurajen fuskata ba iri ɗaya ba ne

Shekara goma na yi ina kiran duk abin da ya tsiro mini a fuska da suna guda, ƙuraje. Sun fara tun ina aji uku a ƙaramar sakandare. Dada, mahaifiyata, ta ce na balaga ne, kowace budurwa sai ta yi, za su wuce. Na ƙawayena suka wuce ɗin, nawa suka yi zamansu. Ni tela ce, ina ɗinkin mata a wani ɗan shago a Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma sana'armu ba a yin ta daga nesa. In za ki auna kafaɗar mace ko wuyanta, fuskarki na dab da tata. Sau da dama ina riƙe da tef sai in ga idon mai ɗinki ya bar yadin da ta kawo ya koma kan kumatuna, daga nan kuma shawara ta biyo baya.

Babu wadda ban bi ba. Sabulun salo, kurkur da zuma, lemon tsami da ya riƙa ƙona ni ina daurewa, man goge baki a kan duk ƙurjin da ya kumbura. Na bar gyaɗa da ƙuli-ƙuli sama da shekara biyu. Fuska kuwa dirzar ta nake yi da soso sau huɗu ko biyar a rana, don a zatona datti ne ya maƙale. Ga matsa. Duk dare sai na tsaya gaban madubi na matse abin da ya matsu da wanda bai matsu ba.

Ana saura mako biyu Ƙaramar Sallar 2023 wata mai kawo mini ɗinki ta ba ni sunan wani mai, ta ce a kemis ake sayar da shi, aiki uku yake yi. Na saya, na haɗa da wani haɗin mai da wata mata ke sayarwa a roba mara rubutu. Cikin kwana shida fuskata ta yi sumul, ta yi haske, har yayata Adda ta tambaye ni me na samu. Na yi Sallah da farin cikin da na daɗe ban yi ba. Bayan wata uku sai wasu ƙananan ƙuraje suka feso a kumatuna, dukkansu girma ɗaya kamar an watsa gero. In na daina shafa man kwana biyu, fuskar ta ɗau zafi da raɗaɗi, in na koma ta lafa. A haka na kai wata bakwai, na san ina cikin tarko amma ban san hanyar fita ba. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Yayana Hamma ne ya matsa mini in je asibiti, shi ya kai ni a babur ɗinsa a watan Nuwamba. A asibitin koyarwa na nan Gombe na yanki kati, na ga likitan da ke duba kowa da kowa, ya rubuta mini takardar zuwa wurin likitan fata, aka ba ni rana. Ma'aikaciyar jinyar da ta rubuta ranar ta ce, “Ƙanwata, ranar da za ki zo kada ki shafa hoda, kuma duk abin da kike shafawa a fuska da kai ki zubo shi a leda ki zo da shi.” Na zo da abu goma sha ɗaya.

Likitar ta jera su a kan tebur tana karanta ƙananan rubutun da ke bayan kowanne. Ta ware biyu gefe, ta ɗora man kitsona kusa da su. Sannan ta kunna fitila, ta miƙo mini madubi ta ce, “Malama, riƙe. Tare za mu duba, don ke za ki ci gaba da kallon fuskar nan kullum. Ke da kike ɗinki, zafin dutsen gugar da kike sa wa shadda shi kike sa wa leshi?” Na ce a'a, ai sai ya ƙone. Ta ce to haka na yi wa fuskata shekara goma.

Kafin ta nuna mini komai sai da ta zana mini ƙofar gashi a bayan wata takarda. Kowane ɗan gashi da ke fuska, har wanda ido bai cika gani ba, yana fitowa ne daga wani siririn rami, a gefen ramin kuma akwai 'yar jaka mai samar da maiƙo. Lokacin balaga sinadaran jiki kan sa jakar nan ta ƙara girma ta ƙara aiki. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su zube sai su cakuɗe da maiƙon su toshe bakin ramin. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da mara su, wadda ke jin daɗin wurin da ya toshe. In ta yi yawa jiki ya taso mata da yaƙi, yaƙin nan shi ne kumburi da zafi da mugunya. Abu huɗu ke nan, maiƙo, toshewa, ƙwayar cuta da kumburi, kuma irin ƙurjin da za ki gani ya danganta da wanda ya fi rinjaye a cikinsu da kuma zurfin wurin. Wannan ciwo shi likitoci ke kira akni. Ta ce a binciken da aka yi a Amurka, kusan mutum 85 cikin 100 masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi shi, kuma mata da yawa yakan bi su har bayan shekara talatin.

Muka fara da hanci. Ɗigon baƙi-baƙin da ke kai, waɗanda na yi shekaru ina kankarewa, ta ce toshewa ce wadda bakinta ke buɗe. Iska ce ke taɓa abin da ya taru a ramin ya yi duhu, kamar yadda yankakken dankali ke sauya launi in an bar shi a fili. Ba datti ba ne. Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da yadda na zata, don na daɗe ina jin kunyar cewa mutane na kallona a matsayin ƙazama, alhali ban san wadda ta kai ni wanke fuska ba.

Daga nan ta ja ɗankwalina baya kaɗan, ta ce in shafa goshina da yatsa. Wurin ya yi gurzam-gurzam da ƙananan ƙulli masu launin fata, ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi, sun bi layin gashi har zuwa gefen kunne. Su ma toshewa ce, amma bakinsu a rufe yake, shi ya sa ba su yi baƙi ba. Ta ɗaga man kitson nan ta ce ga ummul haba'isin. Mai mai kauri da nake lafta wa kai yakan narke da zafin shago ya gangaro, ɗankwali da hijabi kuma su danne shi a kan fata tun safe har yamma. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan nau'in a tsakanin baƙaƙen fata, har suna suka ba shi, ƙurajen man gashi.

Waɗannan biyun, na hanci da na goshi, babu kumburi a cikinsu. Masu kumburin suna gefen haɓa da ƙasan kumatu. Akwai ƙanana masu tauri da ɗan ciwo waɗanda ba su da kai, akwai kuma waɗanda suka yi farin kai na mugunya. Ta ce a farar fata ja suke fitowa kowa ya gani, a tamu kuwa jan ba ya nunawa sosai, sai ya yi duhu-duhu, don haka mutum kan raina kumburin alhali yana ci a ƙasa.

Sai ta danna ƙasan muƙamuƙina na hagu, na zabura. Wani ƙulli ne mai zurfi kamar ƙwayar gurjiya, ya kwana goma sha a wurin, ba kai ba baki. Irinsa na fi tsana, kuma irinsa na fi matsa. Ta ce wannan ya fashe ne a can ƙarƙashin fata, babu ƙofar da zai bi ya fito, matsar da nake yi tura shi ciki kawai take yi tana faɗaɗa ɓarnar. Shi ne mai barin rami a fuska. Ta tambaye ni yaushe suke fitowa. Ban taɓa lura ba sai da ta tambaya: kamar mako guda kafin al'adata. Ta ci gaba da tambaya, ko al'adar na zuwa a kan lokaci, ko gashi na tsiro mini a haɓa ko ƙirji, ko na yi ƙiba kwatsam. Ta ce in da akwai waɗannan da sai an yi mini hoton ciki da gwajin jini, don akwai wata matsala ta ƙwan mace da ke zuwa da ƙuraje a muƙamuƙi tare da rikicewar al'ada. Tawa lafiya take, sai aka bar wannan.

Na kumatu, masu kama da watsin gero, ba ta ɓata lokaci a kansu ba. Ta ɗauko bututun man kemis ɗin ta nuna mini sunan kulobetasol a jikinsa. Sitiroyid ne mai ƙarfi ƙwarai, magani ne na gaske ga wasu cututtukan fata in likita ya rubuta na ɗan lokaci, amma ba a yi shi don a riƙa shafa wa fuska wata da watanni ba. Yana danne kumburi nan take, shi ya sa na ga sauƙi cikin kwana shida, yana kuma sa fata haske. Daga baya sai ya siranta ta, ya fito da ƙananan jijiyoyi, a jiki ya jawo nankarwa, ya kuma haifar da ƙurajensa na kansa. Alamarsu ita ce kamanninsu ɗaya, girmansu ɗaya, lokaci guda suke fesowa. Robar da ba ta da rubutu kuwa ta ce ba wanda zai iya rantsewa kan abin da ke ciki, amma yadda ta yi aiki ya nuna akwai irin wannan sinadari. A shekarar ma hukumar NAFDAC ta yi ta gargaɗi a kan mayukan bilicin. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne yadda ake miƙa wa yarinya irin wannan mai kamar ana miƙa mata alewa, ba tambaya, ba gargaɗi.

Har na fara ɗaura ɗankwali sai na tuna na ce mata akwai wasu a ƙirji da gadon baya, masu ƙaiƙayi, sun fi tashi lokacin zafi. Ta duba ta ce waɗannan ma ba akni ba ne sam. Wani naman gwari ne mai suna malaseziya, wanda ke kawo kyasbi, ya shiga ƙofofin gashi. Zufa da maiƙo da kaya masu riƙe zafi ke ciyar da shi. Ƙaiƙayin ne ya tona shi, don akni na gaske ciwo ya fi yi, bai cika ƙaiƙayi ba. Maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi, wani lokaci ma ƙara masa ƙarfi yake yi.

Ta ƙare da abin da ya fi damuna. Ta ce in ƙirga ƙurajen da ke raye a fuskata, sannan in ƙirga baƙaƙen tabo. Tabon sun ninka su wajen sau uku. Ashe mafi yawan abin da mutane ke gani a fuskata sawun ƙurajen da suka riga suka mutu ne. Fatarmu in ta ji rauni ko kumburi sai ta zuba launi a wurin, kuma lemon tsami da soso da farce duk rauni ne. Ta rarrabe mini: tabon da yake shafe, launi kawai, yana gushewa, ko da zai ɗau watanni ko fiye da shekara. Wanda ya lotsa ya zama rami, ko ya tashi ya yi tudu, mai ba ya goge shi. Ina da ramuka biyu a kuncin hagu. Ta gaya mini gaskiya cewa waɗannan sun zauna, sai dai in wata rana na nemi aiki na musamman a kansu.

Kafin ta rubuta magani ta tambaye ni ko ina da aure ko an sa rana, don biyu daga cikin magungunan ba a ba mai ciki. Na ce tukuna. Ta ce in an sa, in dawo ta canza. Ta rubuta doksisaikilin, maganin ƙwayoyin cuta, ƙwaya ɗaya kullum na wata uku kacal, a sha da cikakken kofin ruwa kuma kada a kwanta nan take don yana iya ƙona maƙogwaro. Ta rubuta man shafawa na benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 2.5 na safe, da wani sabulun ruwa mai ketokonazol da zan shafa a ƙirji da baya in bar shi minti biyar kafin in ɗauraye. Adafalin, wanda shi ne mai buɗe toshewa, ta ce in jira sai fatar ta huce daga sitiroyid. Na tambaye ta alwala fa, tunda ta ce wanki sau biyu kawai. Ta ce ruwa zalla ba ya komai, sabulu ne sau biyu, safe da dare, da tafin hannu, ba soso. Gyaɗa kuma ta ce in ci abata, ba a tabbatar da laifinta ba. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne yawan zaƙi da lemon kwalba, da madara ga wasu mutane, kuma ko su ba su ne tushen ciwon ba.

Mako uku na farko sun yi mini wuya. Ta riga ta gaya mini fuskar za ta yi bore in na bar man, amma ji daban, gani daban. Ta yi zafi, ta yi duhu, ta riƙa saɓa, ƙurajen suka ƙaru. Akwai ranar da na rufe shago tun azahar na koma gida na yi kuka. Da bututun nan yana ɗakina da na koma masa, Allah Ya sa likitar ta riƙe shi a wurinta. Dada ta ce ko a koma na gargajiya, Hamma ya ce, “Dada, a bar ta ta cika wata ukun da aka ce, in bai yi ba ni zan mayar da ita.”

A mako na biyar na fara adafalin, daidai lokacin da hunturu ya kankama. Gwargwadon ƙwayar wake ake lakata a shafe duk fuska da dare, ba a kan ƙurji kaɗai ba, don aikinsa hana sababbi fitowa ne. Na fara da dare ɗaya a tsallake biyu kamar yadda ta ce, duk da haka gefen bakina da hancina suka bushe suka yi fari. Man kaɗanya da na saba da shi na bar wa hannu da ƙafa, fuska na nemo mata mai mara nauyi. Man kare hasken rana shi ya fi ci mini kuɗi, na kuma daɗe ina ganin kamar na Turawa ne, sai da na fahimci rana ce ke ƙara dafa baƙin tabo. Benzoyil kuwa ya koya mini darasi a sana'a: yana cin launin yadi kamar bilic. Ya ɓata mini hijabi ruwan toka da rigar matashi. Tun daga nan ba na taɓa kayan mutane sai na wanke hannu da sabulu sosai.

Na sayi ƙaramin littafi, duk Juma'a da safe in tsaya a bakin taga ɗaya in ɗau hoto, in rubuta: na goshi kaza, masu mugunya kaza, mai zurfi kaza, ga ranar al'ada. Littafin nan ya taimake ni ƙwarai, don madubi na kullum ba ya nuna sauƙi. Na ƙirji da baya su suka fara tafiya, cikin mako biyu ƙaiƙayin ya ɗauke. Na sitiroyid suka bi su a wata na biyu. Masu mugunya suka ragu daga goma sha huɗu zuwa uku. Na goshi sun fi kowa taurin kai, sai da na koma sa man kitso a tsakiyar kai da bakin gashi kawai, ina kuma canza ɗankwalin ciki duk kwana biyu, sannan suka fara kwanciya a wata na uku. Hannuna ne ya fi ba ni wahala. Sai da na cire ƙaramin madubin da ke gefen gadona na kai shi ɗakin Adda.

Da na koma a Fabrairun 2024 ta tsayar da ƙwayar, ta ce ba a daɗewa a kanta don ƙwayoyin cuta kan saba da ita. Ta bar ni a kan adafalin, ta ƙara mini wani mai na azelayik saboda tabo. Ta ce da masu zurfin nan sun ƙi ji, akwai isotiretinoyin, mai ƙarfi sosai, amma yana nakasa jariri a ciki, don haka ba a shan sa sai a hannun likita da sharuɗɗa masu tsauri. Ban kai ga buƙatarsa ba. Azumin shekarar ya zo cikin tsananin zafi, na ƙirjin suka ɗan leƙo, na gane su da ƙaiƙayinsu, na koma wa sabulun ruwan nan mako guda suka kwanta.

A wannan zuwan ne na ja Hamma ya shiga da ni. Shekaru yana fama da wasu ƙuraje masu tauri a ƙeya, yana cewa cutar aska ce, har yana neman in sam masa maina. Likitar ta duba ta ce nasa wani abu ne daban, ya fi kama maza baƙaƙen fata, kumburin ƙofofin gashi ne da ke rikiɗewa ya zama tabo mai tudu, kuma askin ƙwal-kwabo da gogar wuyan riga ke tsananta shi. Ta hana shi sa reza a wurin, ta ce a riƙa barin gashin da ɗan tsawo, ta rubuta masa nasa maganin, manyan kuma aka fara yi musu allura.

Yanzu ƙurji mai zurfi kan fito mini ɗaya a wata, wani watan ma babu, kuma ba na taɓa shi. Tabon goshi sun gushe, na muƙamuƙi sun koɗe amma ana ganinsu in na tsaya a rana. Ramuka biyun nan na kuncin hagu suna nan. Ranar Talata mai zuwa Hamma zai karɓi allurarsa ta uku, ni kuma zan tafi da littafina.